Binciken haɗin gwiwa kan cutar mantuwa: wa ke biya, wa ke tsarawa, wa ke amfana?

Kakata ta wajen uwa ta yi shekara shida tana fama da wannan lalura kafin Allah ya karɓi abinsa. Takan idar da sallar la'asar, ta naɗe darduma, ba a yi minti goma ba ta sake neman buta. Takan tambayi mahaifiyata ko Malam ya dawo daga kasuwa, alhali ya fi shekara ashirin a ƙasa. Mu dai gigin tsufa muke cewa, muna haƙuri. Sai daga baya na san cewa abin yana da suna a likitance, kuma akwai dubban masana da ke kashe biliyoyin daloli a kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na yi wa kaina, da waɗanda 'yan uwa suka yi mini tun daga lokacin.

Wace cuta ake nufi? Ba tsufa ba ne kawai?

Ba tsufa ba ne kawai. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbinsa, ya tuna daga baya. Mai cutar mantuwa yakan manta hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana zuwa, ko sunan ɗan cikinsa, har ta kai sai an yi masa wanka an ba shi abinci a baki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, kuma cututtuka daban-daban ne ke jawo hakan. Babbarsu ita ce cutar Alzheimer, mai sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906, kuma ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu lalurar. Mai bi mata ita ce wadda ke zuwa ta toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a kai, wato 'yar uwar shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita, ana samun kusan miliyan 10 sababbi kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfi ko masu matsakaicin ƙarfi. A 2019 ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3. Kusan rabin wannan lissafi wahalar 'yan gida ce, galibi mata, da ke jinya ba tare da ana biyansu ba.

Me ya sa sai an haɗa hannu? Jami'a ɗaya ko kamfani ɗaya ba za su iya ba?

An gwada, ba ta yiwu ba. Cutar takan fara ɓarna a ƙwaƙwalwa shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin a ga alama. Mai son ya gane ta dole ya tara dubban mutane tun suna lafiya, ya riƙa bibiyarsu shekara da shekaru, yana ɗibar jini, yana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Babu asibitin da ke da wannan adadi shi kaɗai, babu kuma kasafin da zai ɗauka.

Ga asara. Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba magunguna 244 da aka gwada tsakanin 2002 da 2012, ya tarar ɗaya tak aka amince da shi. Ganin haka wasu manyan kamfanoni suka fara ja da baya, kamar Pfizer da ya sanar a farkon 2018 cewa ya daina neman sababbin magunguna a wannan fanni. Tun kafin nan, a Disambar 2013, ƙasashen G8 sun yi taro na musamman a Landan a kan cutar, suka ɗauki alwashin samo magani ko abin da zai rage mata gudu kafin 2025. Daga wannan taro ne maganar zuba kuɗi tare da buɗe bayanai ga kowa ta samu gindin zama.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Mafi yawa daga aljihun gwamnatin Amurka, ta hannun cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar da ake kira NIH, musamman reshensu mai kula da tsufa. A Janairun 2011 Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ƙasar shiri na musamman kan cutar. A lokacin abin da ake warewa bai kai dala miliyan 500 a shekara ba. Zuwa 2023 ya haura dala biliyan 3.5. Wani abu da ya taimaka shi ne dokar 2014 da ta ba masanan NIH damar rubuta wa majalisa kai tsaye nawa suke buƙata kowace shekara, ba sai an bi ta ofishin kasafi ya zaftare ba. Wannan gata kafin nan binciken kansa da na ƙanjamau kaɗai ke da shi.

Sai ƙungiyoyin agaji, waɗanda talakawa ke tara wa kuɗi ta gudun fanfalaki, sayar da kaya, ko wasiyya: Alzheimer's Association a Amurka, Alzheimer's Society da Alzheimer's Research UK a Birtaniya. Kuɗinsu bai kai na gwamnati ba, amma sun fi saurin sakin hannu ga matashin mai bincike da ra'ayin da ba a tabbatar ba tukuna.

Sai kamfanonin magani da masu zuba jari. A 2015 gwamnatin Birtaniya, da Alzheimer's Research UK, da wasu kamfanoni da a kasuwa kishiyoyin juna ne, suka kafa asusun jari mai suna Dementia Discovery Fund. Bill Gates ya sa dala miliyan 50 daga aljihunsa a 2017, kuma asusun ya kai fam miliyan 250 a 2018. Shi wannan ba sadaka ba ne, jari ne da ake sa ran ya dawo da riba.

Idan ƙasashe ko jami'o'i suka haɗu, asusu ɗaya suke buɗewa?

Ba kullum ba. Tsarin Turai da ake kira JPND, mai ƙasashe kusan 30 ciki har da Kanada da Ostareliya, ba ya tara kuɗi wuri ɗaya. Ƙasashen kan amince da tambaya ɗaya, su fitar da sanarwa ɗaya, a kafa kwamiti ɗaya ya tantance. Sharaɗi shi ne a samu aƙalla tawaga uku daga ƙasashe uku. In aiki ya ci, kowace ƙasa ta biya nata masanan. Tsarin yana da kyau ga wanda gwamnatinsa ta sa kuɗi. Wanda tasa ba ta sa ba, ko ya fi kowa iya aiki, kallo ne nasa.

Birtaniya ta bi wata hanya. A 2017 ta kafa cibiya guda ta binciken cutar mantuwa, UK DRI, da alkawarin fam miliyan 290 daga hukumar binciken lafiya ta ƙasar da ƙungiyoyin agajin nan biyu na Birtaniya. Hedikwata na jami'ar UCL a Landan, rassa kuma a Kambrij, Kadif, Edinbara, Imperial da King's. Shugaba ɗaya, kasafi ɗaya, kayan aiki na kowa.

Wanda ya fi burge ni shi ne ADNI, shirin bibiyar cutar Alzheimer ta hoton ƙwaƙwalwa, da aka fara a Amurka a 2004 ƙarƙashin Michael Weiner da dala miliyan 60, kashi biyu cikin uku na gwamnati, sauran na kamfanoni da gidauniyoyi. Sharaɗin da aka kafa tun ranar farko shi ne babu mai riƙe sakamako. Duk hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini da aka yi ana ɗora shi inda kowane mai bincike a duniya zai nemi izini ya ɗauka kyauta. Dubban maƙaloli sun fito daga wannan rumbu. Ɗalibin digiri na uku a Kano ko Yamai da ke da kwamfuta da intanet zai iya aiki da shi yau.

Yaya kuɗin ke isa hannun mai bincike?

Mai ba da kuɗi ya fitar da sanarwa. Masana su haɗa tawaga, su rubuta abin da za su yi da abin da zai ci. Wasu masanan da ba su da hannu a ciki su karanta su ba da maki. Mafi yawan buƙatu ba sa tsallakewa. Wadda ta tsallake takan samu kuɗin shekara uku zuwa biyar, kuma jami'ar jagoran aikin ce ke karɓa, ita ta rarraba wa sauran.

A nan gizo ke saƙar. Jagoran galibi yana Amurka ko Turai, saboda haka abokan aiki na Afirka a ƙarƙashinsa suke karɓa. Bayan kuɗin aiki akwai kuɗin ɗawainiyar jami'a, wato wuta, ruwa, gini da ma'aikatan ofis. Jami'ar Amurka takan samu kusan rabin kuɗin aikin a ƙara mata, wani lokaci fiye. Jami'ar waje kashi 8 cikin ɗari NIH ke ba ta. Duk wanda ya san abin da man janareta ke ci don firinjin ajiye jini kada ya mutu dare ɗaya, ya san kashi 8 ba ya kai ko'ina.

An taɓa yin irin wannan aiki a Najeriya?

An yi, kuma yana cikin waɗanda duniya ke ambato. A 1992 Hugh Hendrie na jami'ar Indiana da Benjamin Osuntokun na jami'ar Ibadan suka fara kwatanta tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a wurare biyu: Yarabawan unguwar Idikan a Ibadan, kusan mutum 2,500, da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis. Reshen tsufa na NIH ne ya biya. Osuntokun ya rasu a 1995, Adesola Ogunniyi da abokansa suka ci gaba, aikin ya ɗauki kusan shekara ashirin.

Abin da suka gano ya ɗaure wa mutane kai. Da ma'auni ɗaya da tambayoyi iri ɗaya, masu cutar a Ibadan kashi 2.29 ne cikin ɗari, a Indianapolis kashi 8.24. Da aka bi su shekara biyar, sababbin kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Kuma wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOE e4, wanda a jikin Turawa ke ninka haɗarin cutar, tasirinsa a jikin Yarabawa ya yi rauni ƙwarai. Masanan sun karkata ga cewa ƙarancin hawan jini, ciwon suga da kitsen jini a tsofaffin Ibadan na wancan zamani yana da hannu. Wannan sakamako ba zai taɓa fitowa ba da kowa ya tsaya a garinsa.

Aikin ya kuma bar dabaru. Gwajin Turawa kan ce wa tsoho ya ɗauki fensir ya zana agogo ko murabba'i. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba za ta faɗi, ba don ƙwaƙwalwarta ta taɓu ba. A Ibadan aka fito da gwajin tsinken ashana: mai gwaji ya jera tsinke huɗu a wata siffa, ya ce ta jera nata haka, har da inda kawunan suka fuskanta. Wanda bai san shekarar haihuwarsa ba kuma, sai a ƙiyasta da manyan abubuwan da ya tuna. A wajenmu da sai a tambaye shi shekarunsa nawa a zuwan Sarauniya na 1956, ko ya yi aure kafin rasuwar Sardauna a 1966, ko 'ya'yansa nawa lokacin canjin kuɗi zuwa naira a 1973.

Daga baya ƙungiyar 10/66, da aka kafa a 1998, ta faɗaɗa irin wannan aiki zuwa Kuba, Meziko, Peru, Indiya, Sin da wasu ƙasashe. Sunanta kansa ƙorafi ne: ƙasa da kashi 10 na binciken ake yi a inda kashi 66 na masu cutar suke. A 2022 kuma NIH ta ba da dala miliyan 46 ga wani aiki da jami'ar Miami ke jagoranta, don nazarin ƙwayoyin gadon mutum 13,000, ciki har da 5,000 daga ƙasashen Afirka tara. Rufus Akinyemi na Ibadan ne ke jan ɓangaren Afirka.

Ƙasar Hausa fa?

Kaɗan ne ƙwarai. Akwai binciken da likitocin Zariya suka buga a 2011 kan tsofaffi ɗari uku da 'yan kai, inda suka samu kusan kashi 3 cikin ɗari. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya sun shiga SIREN, babban binciken shanyewar ɓarin jiki na Najeriya da Gana, wanda ke da dangantaka ta kusa da mantuwar jijiyoyin jini. Amma bibiyar dubban tsofaffi na shekara goma ko ashirin irin na Idikan, shi muke rashi.

Kuma abin da aka samu a Ibadan ba lallai ya zama namu ba. Cimarmu daban, auren zumunci ya fi yawa a cikinmu, ga tsofaffi da yawa da ba su yi boko ba amma sun haddace izu sittin suna tilawa kullum. Takardar tambayoyin da ke auna ilimi da yawan shekarun aji za ta rubuta wa alaramma sifili. Wace kariya hadda ke ba ƙwaƙwalwa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na tsammanin kwamitin da ke zaune a Washinton ko Brasels zai yi ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jinin da aka ɗiba da bayanan da aka tara, na waye?

Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan, kuma mutanen Kano suna da dalilin yin ta. A annobar sanƙarau ta 1996, Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon bai goge ba har yau.

Yanzu doka ta fi tsauri. Babu binciken da zai fara a Najeriya sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko jami'a ya amince, ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC. Fitar da jini waje sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi abin da za a yi da shi. Cutar mantuwa tana da nata ƙarin sarƙaƙiya, domin mai ita wataƙila ba ya iya fahimtar abin da yake sa wa hannu. Dole a samu na kusa da shi ya tsaya masa, kuma ko an samu, in tsohon ya nuna ba ya so, an bar shi ke nan.

Akwai misalin da ya kamata a koya daga gare shi. A yankin Antioquia na Kolombiya akwai dangi mai mutum kusan 6,000 da cutar ke bi ta gado, tana kama su tun suna 'yan arba'in da wani abu. Likita Francisco Lopera ya yi shekaru kusan arba'in tare da su kafin rasuwarsa a 2024. Da aka zo gwada wani magani a kan mutum 252 daga cikinsu, da kuɗin NIH da cibiyar Banner da kamfanin Genentech, an tsara aikin yadda babu wanda zai gane ko yana ɗauke da ƙwayar gadon, domin da yawa ba sa son sani. An sa har waɗanda ba su da ita a cikin gwajin don a rufa wa kowa asiri. Maganin bai yi aiki ba, an sanar a 2022, amma amanar ba ta karye ba.

Duk wannan kuɗi, an samu magani?

Mai warkarwa, a'a. Wa'adin 2025 ya wuce ba a samu ba. An dai samu biyu da ke rage gudun cutar Alzheimer in an kama ta da wuri. Lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023, ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Donanemab ya biyo baya a 2024. Ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, suna iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka sai ana ɗaukar hoto a kai a kai. Farashin da aka sa wa na farko a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara. Hukumar da ke tantance magunguna wa asibitocin gwamnatin Ingila ta ce amfaninsu bai kai kuɗinsu ba. Baƙar fata a babban gwajin lecanemab ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Abin da ya fi amfanar mu ya fito ta wani ɓangaren. Kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin Gill Livingston ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar na da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji da gani da ba a kula ba, bugun kai, hayaƙi, kaɗaici da rashin karatu tun yarinta. Gwajin FINGER na Finland kan mutum 1,260 ya nuna a 2015 cewa gyaran cima, motsa jiki da lura da jini na taimaka wa ƙwaƙwalwar tsoho. Ana gwada irinsa yanzu a Kenya da Najeriya. Awon jini, aikin yanar ido da hular kwano ga ɗan acaɓa abubuwa ne da ke cikin ikonmu.

Me ke faruwa in mai ba da kuɗi ya janye?

Aiki ya tsaya cak. A 2021 Birtaniya ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigarta, ayyukan bincike da yawa a Afirka suka wayi gari an yanke musu kasafi a tsakiyar hanya. A Mayun 2025 NIH ta dakatar da tsarin da jami'ar Amurka ke miƙa wa ta waje wani kaso, har sai ta fito da sabo. A binciken mantuwa irin wannan tsaiko ya fi ciwo, domin tsofaffin da ake bibiya ba sa jira. In aka tsallake shekara biyu, wasu sun rasu, wasu sun koma ƙauye wajen 'ya'yansu, ma'aikatan da aka horar sun kama wani aikin.

Shi ya sa nake ganin dole mu sa namu. TETFund na da asusun bincike na ƙasa da malaman jami'a ke nema, amma aikin shekara goma sha biyar yana buƙatar kuɗin da ba ya yankewa. Muna da attajiran da ke gina asibitoci da masallatai, muna da tsarin waƙafi da aka san shi tun kaka da kakanni. Waƙafi guda da zai riƙe tawagar bincike a jami'a ɗaya ta Arewa zai sa in baƙi sun zo da nasu kuɗin, a zauna da su a matsayin abokan tarayya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma muddin kuɗin duka na wani ne, tambayarsa za a amsa.

In aka zo gidanmu ana son tsohonmu ya shiga bincike, me za mu tambaya?

Ku nemi ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'a, da sunan asibiti ko jami'ar da ke da alhakin aikin. Ku ce a karanta muku takardar yarda da Hausa, a bar muku kwafi. Ku tambayi wa ke biya, me za a ɗiba, ina za a kai shi, shekara nawa za a ajiye, kuma ko za a gaya muku in an ga hawan jini ko suga a jikin Baba. Ku tambayi wa zai ɗauki nauyin magani in wani abu ya same shi ta dalilin binciken.

Ba za a karɓi kuɗinku don shiga bincike ba, kuma abin da za a ba ku bai wuce na mota da na ɓata lokaci ba. Kuna da ikon fita duk ranar da kuka ga dama, ba tare da an hana shi ganin likita ba. In ranar gwaji ta zo, wanda ya fi kwana da tashi da shi ya raka shi, ko 'ya ce ko suruka ko jika, domin rabin tambayoyin shi za a yi wa: yaushe Baba ya fara ɓata lissafin kuɗi, yaushe ya fara maimaita magana, yana gane hanyar gida in ya fita shi kaɗai.